Dabaibayi Kafin Tsigewa

Daren Asabar ne, 14 ga Disamba 2024. Hunturu ya sauka Damagaram sosai, muna zaune a fadarmu ta hira a unguwar Birni kowa ya duƙunƙune, butar shayi na kan gawayi. Sai ga wani ƙanenmu ɗan kabu-kabu, tun bai gama kafe babur ba ya ɗaga waya sama: "Kun ji? An tsige shugaban Koriya ta Kudu. Kwana goma sha ɗaya kacal da ya fito da soja, ƴan majalisa sun yi waje da shi."

Dattijon fadar, tsohon darektan lakwal ne da ya yi ritaya, bai ko ɗago kai daga kofinsa ba. Ya ce, "Yaro, ba a tsige shi ba. Ƙafa aka ɗaure masa."

"Haba Malam, ga shi a rubuce. Ƴan majalisa 204 suka kaɗa ƙuri'a."

"To ka jira alƙalai."

Gardamar ta kai mu har shayi na uku, kuma kowannensu yana da tasa gaskiyar. Abin da ya haɗa su faɗa kalma ce. Mu Hausawa kalma ɗaya muke ɗora wa kaya iri-iri: an tsige gwamna, an tsige shugaban majalisa, an tsige magajin gari, an tsige sarki, an tsige mai horar da ƴan ƙwallo. Kalmar kuma hoto gare ta, hannu ne ya kama abu ya fizge shi daga tushe, kamar yadda ake tsige furfura ko ciyawa a gona. Ƙarshen aiki take faɗi. Kalmar da masu Ingilishi ke kiran wannan abu da ita kuwa, impeachment, farkon aikin take faɗi. Daga tsohon Faransanci ta fito, duk wanda ya zauna a bencin lakwal a nan ya san ƴar uwarta, empêcher, wato hanawa. In aka bi salsalarta har Latin, sai a tarar da igiyar da ake ɗaure wa dabba ƙafa. Dabaibayi ke nan. Jakin da aka yi wa dabaibayi bai bar hannun mai shi ba, ba a kai shi kasuwa ba, an dai tsayar da shi wuri ɗaya har a ga abin da za a yi.

Saboda haka aikin hawa biyu ne. Hawa na farko tuhuma: wakilan jama'a su ce wannan mai riƙe da muƙami ya aikata abin da bai kamata ya ci gaba da zama a kujerar ba, ga jerin laifukan. Hawa na biyu shari'a: wata majalisa dabam, ko wata kotu, ta saurari masu tuhuma, ta saurari wanda ake tuhuma, ta yanke. Mutum yana iya faɗawa hawa na farko ya kuma fita tsaf a na biyu. A Koriya ta Kudu, da zarar majalisa ta kaɗa ƙuri'ar tuhuma ana dakatar da ikon shugaban, firaminista ya riƙe ƙasa, amma sunan shugaba yana nan a kansa sai kotun tsarin mulki ta yi magana. A Amurka ko dakatarwar babu, shugaban yana ofis yana sa hannu a takardu ana yi masa shari'a.

A Ingila abin ya samo asali. A 1376, zamanin Sarki Edward na Uku ya tsufa, ƴan majalisar talakawa suka tuhumi wani babban bafadensa, Latimer, da cin dukiyar sarauta, suka kai ƙararsa gaban majalisar iyayen ƙasa. Dabarar a fili take. Sarki ba ya taɓuwa, amma hannayen da yake aiki da su suna taɓuwa. Wanda ya fi ƙarfin alƙalin gari saboda kusancinsa da fada, majalisa ce kaɗai ke iya kiransa ya zo ya amsa. Ingilawa sun yi ta amfani da wannan makami, wani zubin da adalci wani zubin don ramuwar gayya, har suka gaji da shi. Shari'ar Warren Hastings, wanda ya mulki Indiya da sunansu, ta ɗauki shekara bakwai, daga 1788 zuwa 1795, aka ƙare da wanke shi. Tun daga 1806 ba su sake yi ba, domin sun samu hanya mafi sauƙi: in majalisa ta daina yarda da gwamnati, sai gwamnatin ta faɗi, ba sai an kafa hujjar laifi ba.

Amurkawa ne suka ɗauki abin da Ingila ke shirin ajiyewa suka ɗora shi a kan shugaban ƙasa kansa. Da suke rubuta kundin tsarin mulkinsu a 1787 sun yi muhawara a kan tambayar da har yau ita ce ƙashin bayan maganar: wane irin laifi ne ya isa a raba zaɓaɓɓe da kujerarsa? George Mason ya so a sa rashin iya mulki a cikin jerin. James Madison ya ƙi, ya ce kalma mai faɗi irin wannan za ta mayar da shugaba mai zaman alfarmar majalisar dattawa, ranar da suka ga dama su sallame shi. Aka tsaya a kan cin amanar ƙasa, cin hanci, da sauran manyan laifuka da munanan ayyuka. Majalisar wakilai ke tuhuma da rinjaye na yau da kullum, majalisar dattawa ke shari'a, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda kafin a sauke mutum. Hukuncin bai wuce abu biyu ba, a sauke shi, a kuma hana shi sake riƙe muƙamin tarayya in an ga dama. Ba ɗauri, ba tara. In akwai laifin da ya cancanci gidan kaso, wannan aikin kotu ne daga baya.

Wannan wuri mutane suka fi ruɗewa a kai, shi ya sa zan daɗe a nan. Tsigewa ba hukunta mutum take nufi ba, kare kujera take nufi. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne limamin unguwa ko ma'ajin adashi. In ma'ajiya ta fara taɓa kuɗin zubi, abin da matan adashin za su fara yi shi ne karɓe asusun daga hannunta. Ko za a kai ta wurin mai unguwa, ko jandarma, ko a rufa mata asiri saboda zumunci, wannan wata magana ce. Karɓe asusun ba ya jiran alƙali, domin amana aka ba ta, kuma amanar ta karye. Haka nan mai mulki yana iya aikata abin da babu ayar dokar laifuka da ta ambace shi, amma ya isa a sauke shi, kamar ya ƙi bin umarnin kotu ko ya yi amfani da ikon ofis ya danne abokan hamayya. Yana kuma iya aikata ƙaramin laifi na gaske wanda bai shafi riƙon amanar jama'a ba.

To amma wa zai auna? Ƴan siyasa. Nan gizo ke saƙa. Gerald Ford, tun yana ɗan majalisa a 1970, ya faɗi abin da wasu ke ɓoyewa, cewa laifin da ya isa tuhuma shi ne duk abin da mafi rinjayen ƴan majalisar wakilai suka ɗauka haka a wannan lokaci. Tarihin ƙasarsa bai ƙaryata shi ba. An tuhumi Andrew Johnson a 1868, ya tsira da ƙuri'a ɗaya tak. An tuhumi Bill Clinton a 1998, an tuhumi Donald Trump sau biyu, a 2019 da 2021, a karo na biyu sanatoci 57 suka ce yana da laifi, 43 suka ce a'a, ba a kai 67 ɗin da ake bukata ba. Babu shugaban Amurka ko ɗaya da majalisar dattawa ta taɓa saukewa. Waɗanda ta sauke mutum takwas ne, dukansu alƙalai. Wanda makamin ya ci da gaske shi ne Richard Nixon, kuma shi ba a kai ga kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba: da manyan jam'iyyarsa suka gaya masa ba shi da adadin da zai cece shi, sai ya yi murabus a watan Agusta 1974. Haka Robert Mugabe na Zimbabwe ya yi a Nuwamba 2017, ana cikin zaman majalisa wasiƙarsa ta iso. Wani lokaci ganin igiyar ma ya isa.

Mu a nan, yawancin abin da muka sani game da tsigewa daga ƙetaren iyaka muke jin sa, ta rediyo da bakin masu zuwa Kano ta Magaria da Matamaye. Kuma Najeriya makaranta ce babba a wannan fanni, ta abin koyi da ta abin gudu. A takarda tsarinsu ya fi na kowa tsantseni. Sashe na 188 na kundin 1999 ya shimfiɗa yadda ake sauke gwamna ko mataimakinsa, sashe na 143 kuma na shugaban ƙasa. Kashi ɗaya cikin uku na ƴan majalisa su sa hannu a takardar zargi. A miƙa wa wanda ake zargi. Cikin kwana 14 majalisa ta yanke ko za a bincika, kuma sai da kashi biyu cikin uku. Babban alƙalin jiha ya naɗa mutum bakwai waɗanda ba ƴan jam'iyya ba, ba ma'aikatan gwamnati ba, su yi bincike, wanda ake zargi ya kare kansa da bakinsa ko da lauya. Suna da wata uku. In suka ce zargin bai tabbata ba, magana ta mutu. In suka ce ya tabbata, majalisa ta sake kaɗa ƙuri'a, nan ma kashi biyu cikin uku.

Sai dai wannan kundi, da ya zo fassara mummunan laifin da ake magana a kai, sai ya ce shi ne babban keta tsarin mulki, ko duk wani aikin da a ganin majalisa ya kai mummunan laifi. A ganin majalisa. Maganar Ford ce aka mayar doka.

Wanda ya fara ɗanɗanawa shi ne Alhaji Balarabe Musa, gwamnan Kaduna, ƙarƙashin kundin 1979. Ɗan PRP ne, majalisar jihar kuma NPN ce ke da rinjaye. Sun ƙi amince masa da kwamishinoni, ya yi kusan shekara biyu yana mulki ba su, a watan Yuni 1981 suka sauke shi. Da ya je kotu aka ce masa wannan hurumin majalisa ne, alƙali ba ya sa baki. Har ya koma ga Allah mutane da yawa a Arewa suna ambatonsa cikin ƴan siyasar da ba su tara dukiya ba. Sarkin yawa ne ya fi sarkin ƙarfi, ba wani abu ba.

Daga 2005 zuwa 2006 kuma abin ya zama kamar annoba: Bayelsa, Oyo, Ekiti, Anambra, Filato. A Oyo, ƴan majalisa 18 cikin 32 suka taru a wani otal a Ibadan suka fara shirin sauke Gwamna Rashidi Ladoja. Kowane ɗan firamare zai iya lissafin, kashi biyu cikin uku na 32 ya wuce 18. A Filato waɗanda suka sauke Joshua Dariye ba su kai goma ba cikin 24. A nan ne kotuna suka farka. Kotun ƙoli ta ce katangar da ta hana alƙali shiga tana aiki ne kawai in majalisa ta bi matakan da kundin ya gindaya, kuma ɗakin otal ba zauren majalisa ba ne. Ladoja ya koma kujerarsa bayan wata goma sha ɗaya, Peter Obi na Anambra da Dariye su ma suka koma. Murtala Nyako na Adamawa, da aka sauke a 2014, kotu ta soke tsigewar tasa a 2016, amma wa'adinsa ya riga ya ƙare. Ya samu gaskiya, bai samu kujera ba. Mataimakan gwamna kuwa ba a magana, da an ji mataimaki ya ƙi bin maigidansa zuwa sabuwar jam'iyya, sai a fara ƙirga kwana. Na Zamfara a 2022 bai yi nisa da mu ba.

Ni a ganina, wannan shi ne ma'aunin da mai sauraron labari ya kamata ya riƙe: kada ya tsaya ga tambayar ko mutumin yana da laifi, domin wasu daga cikin gwamnonin nan kotu ta kama su da laifi na gaske daga baya. Ya tambaya, adadin ya cika? A zaure aka zauna, da rana? An ba shi takardar zargi a hannu? An ba shi lokacin amsawa? A Faraguwai, a 2012, awa biyu aka ba lauyoyin Shugaba Fernando Lugo su kare shi, cikin kwana biyu aka gama komai. Adadi ya cika, amma maƙwabtansu da yawa suka ce wannan juyin mulki ne ya sa babbar riga.

Yanzu mu dawo gida Nijar.

Tsarinmu daga Faransa muka gaje shi, ba daga Amurka ba, shi ya sa kalmominsa dabam ne. Kundin Jamhuriya ta Bakwai, na 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ce ba a tuhumar shugaban ƙasa a kan ayyukan mulkinsa sai da laifi ɗaya, cin amanar ƙasa. Kuma bai bar kalmar sake ba kamar na Najeriya, ya lissafa: karya rantsuwa, ƙin bin hukuncin kotun tsarin mulki, hannu cikin mummunan take haƙƙin ɗan Adam, sayar da wani yanki na ƙasa ta hanyar ha'inci, cefanar da maslahar ƙasa a harkar albarkatun ƙasa da ma'adinai, shigo da dattin guba. Duk wanda ya san labarin uraniyom na Arlit da man Agadem ya san dalilin layin ma'adinai. Majalisar dokoki ke tuhuma, da kashi biyu cikin uku, kuma a bainar jama'a, ba a asirce ba. Shari'ar kuwa tana hannun wata kotu ta musamman ta manyan masu mulki, mai mutum bakwai: ƴan majalisa huɗu, alƙalai uku. Ministoci ma can ake kai su in laifin a bakin aiki aka yi shi, amma su adadin da ake bukata bai kai na shugaban ƙasa ba.

A kan ministoci an gwada. A 2006 majalisa ta tuhumi tsofaffin ministocin ilimi biyu a kan kuɗin makarantu, abin da aka riƙa kira badaƙalar MEBA, aka tsare su. A watan Yuni 2008 ta tuhumi tsohon firaminista Hama Amadou a kan miliyan 100 na sefa na asusun tallafa wa ƴan jarida, aka kai shi gidan kason Kutukale, ya yi wata goma kafin a sake shi na wucin gadi. Magoya bayansa suka ce siyasa ce, an share shi ne daga hanyar zaɓen 2009. A 2011 shi ne ya zama shugaban majalisar.

Labarin Hama yana da amfani domin a jikinsa mutum zai ga bambancin abubuwa biyu da muke kira da suna ɗaya. Shekara guda kafin wannan tuhuma, ranar 31 ga Mayu 2007, ƴan majalisa 62 cikin 113 suka kaɗa wa gwamnatinsa ƙuri'ar yankan ƙauna, ta faɗi, Seyni Oumarou ya gaje shi. A gari aka ce an tsige Hama. Amma ranar ba shari'a aka yi ba, babu alƙali, babu hukunci. Ƙuri'ar yankan ƙauna saki ne: majalisa ta ce wa firaminista zama ya ƙare, ko da laifi ko babu. Na 2008 shi ne ƙara. Na farko ya raba shi da ofis, na biyu ya kai shi kurkuku.

Magajin gari kuma hanya biyu yake fita, ko kansiloli su janye masa amincewa, ko taron ministoci ya kore shi da doka, kamar yadda aka yi wa na Yamai a 2013 da 2017. Ta biyun ba tsigewa ba ce a ma'anar da muke magana, kora ce daga sama. A watan Afrilu 2024 ma gaba ɗaya aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi aka naɗa kantomomi. Tuɓe rawani shi ma daga sama yake zuwa. Damagaram ta san wannan tun 1906, da Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa suka kai shi gudun hijira suka ɗora Bellama ya riƙe gari, ta kuma sake gani a 2001 da gwamnati ta sauke Sarki Abubakar Sanda, wanda ya dawo gadonsa a 2011. Kano ta gani a 1963 da 2020. Abin da ya raba waɗannan da ainihin tsigewa shi ne alƙibla. A tuɓe rawani, babba ne ke cire na ƙasa da shi. A tsigewa, wakilan talakawa ne ke kiran wanda babu kowa a samansa.

Kada kuma a ce tunanin baƙo ne gare mu. A Katsinar Maraɗi, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi su ke zaɓen sarki, kuma in suka haɗa baki suna iya sauke shi. Kowane almajiri ya ji huɗubar Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a, inda ya ce a bi shi muddin yana bin Allah da Manzonsa, in ya saɓa babu biyayyarsa a kan kowa. Abin da zamani ya ƙara shi ne lissafi da kwanaki da takarda.

Abin da ya fi damuna a tarihinmu shi ne, sau biyu ƙasar nan ta kai bakin wannan ƙofa a kan shugaban ƙasa, sau biyu ba a shige ta ba.

Na farko ya shafi ɗan garin nan. Mahamane Ousmane ya ci zaɓen 1993, ƙawancen da ya kawo shi ya watse a 1994, majalisa ta kayar da gwamnatin Souley Abdoulaye, shi kuma ya rushe majalisar. A zaɓen Janairu 1995 ƴan adawa suka samu kujera 43 cikin 83. Aka shiga zaman kishiyoyi: shugaba a fada, Hama Amadou firaminista, Mahamadou Issoufou shugaban majalisa, kowa na cewa girkinsa ne. Har taron ministoci ya gagara. Kujera 43 ta isa kayar da gwamnati, amma ta yi nesa da kashi biyu cikin uku. Sai aka nemi wata ƙofa, aka roƙi kotun ƙoli ta bayyana cewa shugaban ya kasa gudanar da mulki, shi kuma yana jiran shekara ta cika ya sake rushe majalisa. Kowa na wasa wuƙarsa ta doka. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya tattara su duka.

Na biyu shi ne tazarce, kalmar da aka fara jin amonta da ƙarfi a nan Damagaram a 2008, lokacin aza harsashin matatar mai. Ranar 25 ga Mayu 2009 kotun tsarin mulki ta ba da ra'ayinta cewa Shugaba Mamadou Tandja ba shi da hurumin kiran ƙuri'ar raba gardama don sauya kundin. Washegari, 26 ga Mayu, ya rushe majalisar dokoki, wadda Mahamane Ousmane ke shugabanta. Ita ce kaɗai ke da ikon tuhumarsa da cin amanar ƙasa, kuma daga cikinta ake zaɓen ƴan kotun da za ta yi masa shari'a. Da kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta soke dokar kiran ƙuri'ar a watan Yuni, ita ma ya rushe ta kafin watan ya fita. Aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojojin Salou Djibo suka shiga fada ana tsakiyar taron ministoci.

Ga ramin da ke cikin tsarin da muka gada. A Amurka da Najeriya da Koriya ta Kudu shugaba ba shi da ikon rushe majalisa, dole ya zauna da ita ko tana gasa masa aya a hannu. A namu, wanda za a yi wa dabaibayi shi ke riƙe da wuƙar yanke igiyar, kuma yana iya yankewa tun ba a kai ga ƙafarsa ba. Ƙara da cewa a ƙasa irin tamu jam'iyya mai mulki da ƙawayenta kan mamaye majalisa, ɗan majalisa kuma ya san wanda ya sa sunansa a jerin ƴan takara. Neman kashi biyu cikin uku a bainar jama'a, kowa na kallon hannun kowa, ba ƙaramin abu ba ne. Ban ce a sauƙaƙa adadin ba, mun ga abin da sauƙi ya haifar a Ibadan da Jos. Amma hanyar da aka gina ba a taɓa bi ba, ciyawa ce ke cinye ta, jama'a kuma su saba da cewa shugaba hanya biyu kawai yake sauka, wa'adi ko bindiga. Ko zargin cin amanar ƙasa da hukumomin soja suka yi wa hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum a watan Agusta 2023 bayan saukarwa ya zo, ba kafinta ba, kuma kotun da ta cire masa rigar kariya a watan Yuni 2024 sabuwa ce da aka kafa bayan juyin mulkin. Mutum yana iya goyon bayan wannan ko ya ƙi, amma sunansa ba tsigewa ba ne.

Ranar Juma'a 4 ga Afrilu 2025, zafi ya dawo, Sallah ƙarama ta wuce da ƴan kwanaki, mun mayar da tabarmi waje. Ƙanen namu ya iso da waya a hannu kamar wancan karon, amma ya zauna tukuna, ya gaida kowa.

"Malam, maganar shugaban Koriya, alƙalai takwas, babu wanda ya saɓa. Sun ce ya sauka."

"Yanzu ka ce an tsige shi."

"Sun ce za a yi sabon zaɓe cikin kwana sittin. Ana kuma yi masa wata shari'ar dabam a kotu."

"Waccan ta kaso ce. Wannan ta kujera ce."

Yaron ya yi shiru yana juya wayar. Can ya ce, "To mu, in an zo rubuta sabon kundi, me za a duba?"

Malam ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi har kumfa ta taso. Ya ce shi layi ɗaya zai fara nema, ko an rubuta cewa daga ranar da aka ajiye takardar tuhuma a gaban majalisa, shugaba ba shi da ikon rushe ta sai an gama. Wani daga gefe ya ce ai masu rubutawa ba sa zuwa fadar Birni. Malam ya ce ya sani, ya miƙa wa yaron kofi.